Amsa ga Yaya a Kano: abin da muke musu a kai idan ka ji ana Boone da Cashman

Assalamu alaikum Yaya. Ka ce abin ya ɗaure maka kai: mutanen da suka bar gida suna musun Pillars da Man U da Barcelona, yanzu in ka kira su sai ka ji ana ta hayaniya a bayansu kan wani Boone da wani Cashman, kuma wasan ma ba da ƙafa ake yin sa ba. Bari in warware maka: wasan besbol ne, Boone kocin ƙungiyar Yankees ta Niyok ne, Cashman kuma babban manajanta. Amma ka sani ba dukkanmu ne a ciki ba. Dattawan da suka zo da girmansu, na zangon Kumasi da Nima da na Damagaram da Maraɗi, har gobe Firimiyar Ingila suke kallo ranar Asabar da safe. Masu musun besbol iri biyu ne: yaran da suka tashi a nan Bronx, da direbobin haya masu wuni da rediyo a kunne. Akwai tasha, WFAN, aikinta kenan mutane su bugo waya su caccaki koci, kuma wanda ya shekara biyar yana jin wannan ko bai so ba sai ya haddace sunayen. Ga filin Yankees a cikin unguwa, a titi na 161, jirgin ƙasa mai lamba 4 yana bi ta gefensa, direba kuwa dole ya san lokacin tashi daga wasa don a nan fasinja suke. Maƙwabtanmu da yawa 'yan Jamhuriyar Dominika ne, su a jininsu abin yake. Af, hular nan mai NY da samari ke sawa a Sabon Gari, ta Yankees ce.

Wasan kansa turmi tara ne. A kowane turmi wannan ɓangare ya yi jifa wancan ya buga da sanda har a fitar da mutum uku, sannan a juya. Maki kuwa ana samun sa ne in mai bugu ya zagaya tashoshi uku ya dawo inda ya fara. Kowace ƙungiya wasa 162 take yi daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum kenan, shi ya sa musun ba ya hucewa. Ƙungiyoyi 30 ne kuma ba a faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni.

Babban abin da ya raba musunmu da naku shi ne wannan: a majalisar gida mutum zai ce "a sayo wane" ya yi shiru, an gama. A nan duk wanda ya faɗi haka, yaro ɗan sakandare ma zai tambaye shi, to wa zai fita? Gurbin 'yan wasa 26 ne kacal, sai a Satumba ya zama 28, kuma a cikin 26 ɗin masu jifa ba za su wuce 13 ba. Bayan wannan akwai babban jeri na mutum 40, daga cikinsa ake ɗebo masu buga wasa, sauran suna ƙananan ƙungiyoyin renon 'yan wasa, babbarsu tana Scranton a jihar Pennsylvania. Matashi ana iya mayar da shi can a sake ɗauko shi a cikin kaka uku kawai. Da zarar ukun nan sun ƙare, ba a saukar da shi sai an fara tallata shi ga sauran ƙungiyoyi, duk mai so ya ɗauke shi. In aka cire mutum daga jerin 40 kuwa, kwana bakwai ake da su a yi musayarsa ko a tallata shi. Mai rauni ana ajiye shi a jerin kwana 10 in mai bugu ne, 15 in mai jifa ne, ko kwana 60 in abin ya yi tsanani, kuma na 60 ɗin ne kaɗai ke buɗe gurbi a jerin 40. Don haka in ka ji ana tsine wa ƙungiya don ta riƙe wani tsoho da ya daina bugu ta bar matashi mai zafi a Scranton, sau da yawa dalilin bai wuce wannan ba: matashin ana iya ajiye shi ba a rasa shi ba, tsohon kuwa in ya fita ya fita kenan.

Sannan ba a biyan kuɗin sayen ɗan wasa daga wata ƙungiya irin na Turai. Musaya ake yi, mutum da mutum, kowa ya tafi da kwantiraginsa, kuma ana rufe kasuwar a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. Ɗan wasa ba ya samun 'yancin zaɓen inda zai je sai ya cika shekara shida a babbar gasa. A ukun farko kusan mafi ƙarancin albashi yake karɓa, dala 760,000 a 2025, a ukun baya kuma ana iya zuwa gaban masu sasantawa su yanke masa albashi. Ka ga kenan matashi gwani mai arha ya fi zinariya, kuma shi ne kuɗin da ake ciniki da shi.

A nan maganar gwanin bugu Juan Soto ta shigo, wadda har yau in aka tayar da ita shayi sai ya huce. A Disamba 2023 Yankees suka ba San Diego 'yan wasa biyar, ciki har da mai jifa Michael King, suka karɓi Soto da Trent Grisham, alhali saura shekara ɗaya Soto ya samu 'yancinsa. Ya yi musu aiki, ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga sau 41, suka kai wasan ƙarshe karon farko tun 2009. Disamba 2024 na zuwa suka taya shi dala miliyan 760 na shekara 16, Mets na unguwar Queens, a cikin wannan birni na Niyok, suka taya miliyan 765 na shekara 15, ya tsallaka. Wasu suka ce an yi asarar mutum biyar don haya ta shekara ɗaya, kuma abin kunya ne ƙanin gida ya fi ka tayi. Wasu suka ce gara da ya tafi, domin da kuɗin aka ɗauko Max Fried a kan miliyan 218 na shekara takwas, aka kawo Cody Bellinger da Paul Goldschmidt, an toshe ramuka uku maimakon ɗaya. Ni ina ganin musayar farko daidai ce, domin Aaron Judge, tauraron ƙungiyar, ya haye shekara talatin kuma ba jiran kowa shekaru za su yi ba. Inda aka yi sake shi ne barin cinikin ya kai kasuwa da mai kuɗi irin Steve Cohen na Mets a ciki.

Za ka ce ƙungiyar da ta fi kowa suna me zai hana ta zuba kuɗi? Babu dokar da ta hana, amma akwai haraji. A 2025 gejin albashin ƙungiya dala miliyan 241 ne. Wanda ya wuce yana biyan kashi 20 cikin 100 na rarar a shekarar farko, 30 a ta biyu, 50 daga ta uku in ya jera su. Akwai kuma ƙari hawa-hawa, wanda ya wuce gejin da miliyan 60 ana ɗora masa wani kashi 60, ya zama 110. Ma'ana a wannan hawa, ɗan wasan miliyan 10 miliyan 21 yake ci. Lissafin kuma da matsakaicin kwantiragi ake yi: Judge miliyan 360 a shekara tara, 40 kenan duk shekara, mai jifa Gerrit Cole miliyan 324 a shekara tara, 36, Fried 27 da ɗoriya. Mutum uku sun haura miliyan 100 tun ba a zo kan sauran 23 ba. Kuma kuɗin nan dole ne a biya ko mutum ya buga ko bai buga ba. An yi wa Cole tiyatar gwiwar hannu a Maris 2025, bai yi jifa ko ɗaya ba a kakar, albashinsa bai ragu da sisi ba.

Shi ya sa laifi a nan gida uku ake raba shi, kuma wanda bai iya rabawa ba ana gane baƙo ne. Mai ƙungiya, Hal Steinbrenner, shi ke cewa ga iyakar kuɗi. Brian Cashman, babban manaja tun 1998, shi ke zaɓen 'yan wasa da musaya. Aaron Boone, koci tun 2018, abin da aka ba shi da shi yake girki. Tsofaffin magoya baya kullum maganarsu "da tsohon yana raye", suna nufin George, mahaifin Hal, wanda ya sayi ƙungiyar a 1973 ya rasu a 2010, mutum mai zafin kai da ya naɗa koci ɗaya, Billy Martin, har sau biyar. Suna nuna Dodgers na Los Angeles da ba sa jin tsoron harajin, ga shi sun ɗauki kofi a 2024 da 2025.

Abin da ke hannun koci da gaske shi ne jerin masu bugu da kuma lokacin cire mai jifa, kuma na biyun nan ne ke tayar da jijiyar wuya. Masu jifan da ke buɗe wasa biyar ne suna karɓa-karɓa, kowa ya huta kwana huɗu, kuma in mutum ya kusa jifa 100 ana fara shirin cire shi, don hannu yana gajiya kuma masu bugu in sun gan shi karo na uku sun gane salonsa. Daga nan sai masu karɓa, kowa turmi ɗaya galibi, ba a son a yi amfani da mutum kwana uku a jere. Tun 2020 kuma wanda aka sako dole ya fuskanci mutum uku ko ya ƙarasa turmin. Bahago yakan sha wuya a hannun mai jifa bahago, don haka ana tanadin su.

Ga misalin da kowa ke kawowa. Wasan farko na gasar ƙarshe ta 2024, a Los Angeles, an yi kunnen doki aka ƙara turmi na goma, Dodgers suka zo bugu Yankees na gaba 3 da 2. Shohei Ohtani, mai bugu ta hagu, zai shigo, Boone yana da bahagwai biyu a shirye, Tim Hill da yake ta jifa lafiya a makonnin, da Nestor Cortes da ya fi wata bai yi jifa ba saboda ciwon hannu. Ya zaɓi Cortes. Cortes ya fitar da Ohtani, aka bar Mookie Betts ya wuce da gangan don a haɗu da wani bahagon, Freddie Freeman, shi kuwa jifan farko ya aika da shi bayan katanga, da yake akwai mutum uku a tashoshi, maki huɗu a take, aka tashi 6 da 3. Wannan a wuyan koci yake, ba na jayayya. Wasa na biyar daban ne. Suna gaba 5 da nema a gida, a turmi na biyar Judge ya saki ƙwallon da ta faɗo masa a safar hannu, Anthony Volpe ya yi mummunan jifa zuwa tasha ta uku, Cole bai ruga ya tsare tasha ta farko ba. Maki biyar suka zube, aka ƙare 7 da 6, kofi ya tafi. Masu kare Boone suna cewa ba shi zai shiga ya cafe ƙwallo ba. Masu sukarsa suna cewa ƙungiyar da ke sakaci da ƙananan abubuwa tun Afrilu ba za ta gyaru a Oktoba, watan wasannin neman kofi, ba, kuma tarbiyyar gida daga mai gida take. Akwai na uku da ke cewa Cashman ne ya tara masu ƙarfin bugu ya manta da masu tsaron fili da gudu.

Ƙarƙashin duk wannan akwai saɓani ɗaya da ba ya warwaruwa. Tun 1993 Yankees ba su yi kakar da rashin nasara ya fi nasara yawa ba, ko 2023 da suka lalace 82 da 80 suka gama. Masu lissafi suna cewa aikin manaja shi ne ya kai ka Oktoba, daga nan jerin wasa uku ko biyar ko bakwai ne, mako ɗaya mara kyau ya isa ya kashe aikin wata shida. Haka ta faru a 2025: nasara 94, daidai da Toronto, sannan Toronto ta fitar da su 3 da 1. Ɗaya ɓangaren yana cewa gidan da ke da kofi 27 ba a yi masa lissafin sa'a, kuma tun 2009 ba a ƙara ko ɗaya ba. Yaranmu galibi suna ɓangaren lissafi, suna zaro waya su karanto maka alƙaluma. Direbobi suna ɓangaren a kori kowa, tasirin rediyo kenan.

Yadda muke yin musun kuwa bai bar tsarin gida ba. A gidajen abincinmu ake yi da ƙofar shagon aski da bayan sallar isha'i lokacin zafi. Yaro zai iya kayar da kawunsa da hujja amma ba ya ɗaga masa murya, zagin da ake ji a rediyo kuma a rediyo ake barin sa. Abin da iyaye ke sa wa ido shi ne caca, domin tun Janairu 2022 aka halatta ta ta waya a jihar nan, kuma tallarta tana cikin kowane wasa. Malamai suna yawan jan kunne a kai. Wanda ya koma Queens ya zama ɗan Mets ana tsokanarsa kamar yadda ake yi wa ɗan City a Manchester. Abu ɗaya da ya jawo har dattawan Firimiya suka sa baki shi ne gemu: tun shekarun 1970 Yankees sun hana 'yan wasansu ajiye shi, sai a Fabrairu 2025 Hal ya janye dokar ya ce a bar shi in an gyara. Ranar kowa ya zama masani.

In kana son gwadawa, yawancin wasannin gida da misalin bakwai na yamma ake farawa a nan, sha biyun dare kenan a Kano, kuma tun da aka sa wa masu jifa agogo a 2023 wasa bai cika kai awa uku ba. Na ranar Lahadi ya fi maka sauƙi, da rana ake yawan yin sa, zai same ka wajen magariba. A gaida Hajiya da yara.