Ku Tambayi Inna: Falafel ɗina ya watse a cikin mai, maigida kuma ya ce ba na asali ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum Inna. Ni mai karatunki ce daga unguwar Birni a nan Damagaram. Ƙanwar mijina, wadda ta yi zama a Saudiyya, ta koya mini falafel, wani soyayyen abincin Larabawa mai kama da ƙosai, da waken nan da Larabawa ke kira hummus, na sayo na gwangwani, amma da na sa a mai sai ya watse. Da na sake gwadawa da wakenmu, maigida, wanda ya yi karatu a Alƙahira, ya ce wannan ƙosai ne kawai, kuma ko na ƙanwarsa ma ba na asali ba ne, domin na asali da ful, wani babban wake mai faɗi, ake yin sa. Wane ne mai gaskiya, kuma ina kuskurena yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Watsewar ba laifin hannunki ba ne, laifin gwangwani ne. Waken gwangwani dafaffe ne, ya riga ya sha ruwa ya yi laushi, saboda haka ba ya da sauran danƙon da zai riƙe kansa idan ya shiga mai. Busasshe ake nema, wanda ake rubuta wa pois chiche a jikin leda. Ki jiƙa rabin kilo a ruwa mai yawa na awa 12 zuwa 18, ba tare da ya ga wuta ba, kuma a lokacin bazara ki sa shi cikin firji ko ki riƙa sauya ruwan, don zafin garinmu yana sa jiƙo ya yi tsami da wuri. Idan ƙwayar ta fashe tsakanin yatsu biyu, ki tsane shi sosai, ki haɗa da albasa ɗaya, tafarnuwa sala biyar, ganyen farsil (persil) da na kusbara (coriandre) cike da hannu, garin kamun (cumin) ƙaramin cokali biyu, gishiri da ɗan barkono.

Wurin niƙa ne matan ƙasarmu suka fi yin kuskure, domin hannu ya saba da ƙullun ƙosai. Ƙosai ana surfe masa wake, a markaɗa da ruwa ya yi sumul, a buga shi har ya ɗauki iska. Falafel kuwa ɓarza shi ake yi, ya fito da tsaki-tsaki, ba a zuba masa ruwa ko kaɗan, ta yadda idan kin dunƙula a tafin hannu zai tsaya. Turmi ko injin niƙa nama ya fi miki injin markaɗe na unguwa, inda mai injin zai tsiyaya ruwa tun kafin ki buɗe baki. Ki bar haɗin ya huta awa ɗaya a wuri mai sanyi, ki dunƙula ƙanana, ki soya a mai mai zurfi da zafinsa ya kai wajen digiri 175 a ma'aunin Celsius, na minti uku zuwa huɗu. Ki fara jefa guda ɗaya tak, idan ta riƙe sannan sauran su biyo.

Game da maganar maigida, abin da ya ci a Alƙahira ya faɗa, kuma bai yi ƙarya ba. Misirawa da ɓararren ful suke yi, suna kiran sa ta'amiyya, suna cika masa ganye har cikinsa ya zama kore shar, sau da yawa kuma su barbaɗa masa riɗi. Masana da dama ma suna ganin a Masar abincin ya samo tushe. Sai dai a ƙasashen Sham, wato Falasɗinu, Siriya, Labanan da Jodan, da hummus ake yi, wasu kuma su gauraya biyun, kuma babu mai hankalin da zai je Birnin Ƙudus ya ce wa mai suyar da ya gada daga kakansa ba falafel yake sayarwa ba. Ita ma ƙanwarsa gaskiyarta ta koya miki.

Ina jin zafin wannan kalma ta asali idan aka mayar da ita sandar dukan mace a madafarta. Kilishin da muke alfahari da shi bai cika ba sai da tunkuzar gyaɗa da barkono, alhali gyaɗa da barkono duka daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso Afirka ba sai bayan shekarar 1492. Ƙosanmu ma, wanda Yarbawa ke kira akara, ya tsallaka teku tare da bayin da aka kwashe, yau a jihar Bahia ta Brazil ana soya shi da manja ana kiran sa acarajé.

Duk da haka ban yarda a ce suna ba ya da iyaka ba. Abin da ya haɗa na Masar da na Sham shi ne ɗanyen wake jiƙaƙƙe, ɗanyen ganye da kamun. Idan kin bi wannan hanya da farin wakenmu, kin yi falafel na wake, ki faɗi sunansa haka ga duk wanda kika ba, kada ki ce na Alƙahira ne. Idan kuwa kin markaɗa da ruwa kin buga, to maigida ya yi daidai, ƙosai kika yi, kuma ƙosai ba abin jin kunya ba ne a faranti. Da wakenmu za ki rage jiƙon zuwa awa shida ko takwas, domin ya fi hummus saurin shan ruwa, ki kuma murje ɓawon kamar yadda Misirawa ke ɓare ful, sannan ki shanya shi a kan tsumma mai tsabta ya tsane kafin ya shiga turmi.