Amsar Barista ga ɗalibin da ke son zama lauyan haƙƙin mallakar fasaha

Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'ar wannan zaure. Ƙanena da ke aji huɗu a sashen shari'a na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na saurari saƙonka na daren jiya, inda kake tambaya ko ƙwarewa a dokar haƙƙin mallakar fasaha za ta riƙe mutum idan a Sakkwato yake son zama. Na zaɓi in amsa a nan maimakon in kira ka, domin na san akwai 'yan ajinku da abin yake ransu.

Amsata ita ce za ta riƙe ka, amma ba a shekarun farko ba, kuma ba ita kaɗai ba. Hanyar shiga ka san ta: shekara 5 a jami'a, shekara ɗaya a Makarantar Horar da Lauyoyi, ko Bwari ko Bagauda ko duk inda aka tura ka, sannan a rantsar da kai, ka yi bautar ƙasa. A Ingila barista daban yake da lauyan da ke shirya takardu a ofis, amma a Najeriya mutum ɗaya ke ɗauke da duka biyun, kuma a wannan fage rabin ofis ɗin ya fi rabin kotu yawa nesa ba kusa ba. Wanda ya shigo don sha'awar tsayawa gaban alƙali kullum zai sha mamaki, domin mafi yawan yininsa zai ƙare ne a kan binciken rajista, da rubuta yarjejeniya, da wasiƙun gargaɗi.

Dokoki uku ne jarin aikin. Akwai Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Ita ce ke kare littafi da waƙa da zane har shekara 70 bayan rasuwar mai su, fim da sautin da aka naɗa kuma shekara 50, ba tare da an wajabta rajista ba. Akwai Dokar Alamar Kasuwanci ta 1965, inda rajistar farko ke ɗaukar shekara 7, sabuntawa kuma shekara 14. Sai dokar 1970 da ta shafi sabuwar ƙirƙira, wadda ke ba maƙirƙiri kariyar shekara 20. Ka kuma riƙe sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, domin shi ya keɓe waɗannan shari'o'i ga Babbar Kotun Tarayya, kuma lauyan da ya shigar da ƙara a babbar kotun jiha ya ɓata wa mai ƙara lokaci da kuɗi.

Bari in nuna maka yadda aikin yake zuwa a garinmu. Wata baiwar Allah mai haɗa yaji ta taɓa shigowa ofishina da robobi biyu a leda, ta ajiye su a kan teburi, ta ce in nuna mata nata. Na ɗaga wannan na ɗaga wancan, murfi ja iri ɗaya, zanen turmi iri ɗaya, harafi ɗaya tak ya bambanta sunayen, kuma wallahi ban iya rabewa ba sai da ta buɗe na shinshina. Ta ciro takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, tana da yaƙinin cewa ta gama tsare kanta. Sai da na zaunar da ita na yi mata bayani cewa rajistar sunan kasuwanci daban, rajistar tambari daban, kuma ta biyun a Abuja ake yin ta, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, inda ake zaɓar rukunin kayan cikin rukunai 45, a buga a mujallar alamomi, a jira wata biyu ko wani zai yi jayayya. Da yake ba ta da wannan rajista, dole muka koma tara rasitai da shaidar masu shaguna don tabbatar da cewa kasuwa ta san ta da wannan tambari tun kafin wancan ya fito. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin da ta kashe a wannan wahala ya ninka abin da rajistar za ta ci tun farko.

Irin wannan mata suna da yawa, daga masu kilishi zuwa masu turaren wuta da dukawa. Ka dubi fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ta ƙetare Sahara shekaru aru-aru, Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, sunanmu ya ɓace a hanya. Ka dubi kuma harkar littattafai. Rubuce-rubucen Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817, da na Abdullahin Gwandu da Sarkin Musulmi Bello da Nana Asma'u sun zama na kowa, amma malamin da ya shekara biyar yana fassara ɗaya daga cikinsu yana da haƙƙi a kan fassararsa, kuma sau da yawa bai sani ba sai ya ga an buga ta ba sunansa. A nan karatunka na shari'ar Musulunci zai yi maka rana, domin za a ce maka ilimi ba shi da mai shi, kai kuma ka tuna musu cewa Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin marubuci da na maƙirƙiri da alamar kasuwanci dukiya ce da shari'a ta kare.

Sai dai ba zan rufe ka ba, manyan kamfanonin da ke biyan kuɗi mai tsoka suna Legas da Abuja, kuma can ne ake koyon aikin da zurfi. Shawarata ita ce bayan rantsuwa ka nemi ofishin lauyoyi mai sashen wannan fanni, ka yi shekara uku ko huɗu kana koyo ko da albashin bai taka kara ya karya ba, sannan ka dawo gida da sanin hanya da mutanen da za ka kira a ofishin rajista. Idan ka dawo, shari'ar fili da gado da kwangila ce za ta biya hayar ofis kafin mutane su san ka da wannan. Tun yanzu kuma ka shiga darussan da hukumar WIPO, wato hukumar haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, ke bayarwa ta intanet, na matakin farko kyauta ne, kuma ka ɗauki aikin bincikenka na aji biyar a kan wannan fage.

Idan ka zaɓi maudu'in, turo mini in duba kafin ka kai wa malamin da zai kula da aikin. Ka gaishe mini da Baba. Wassalamu alaikum.