Tambaya da Amsa: Akwai Na'urar Auna Sinadaran Ƙwaƙwalwa Irin Ta Suga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ciwon suga, kullum da safe nakan tsira yatsa in ɗiga jini a tsinken gwaji, na'ura ta nuna min lamba. Mahaifinmu kuma likita ya ce ciwon karkarwa ne ke damunsa, wato Parkinson, saboda ƙarancin wani sinadari mai suna dofamin a ƙwaƙwalwa. Babu irin wannan na'ura da za mu riƙa auna masa a gida? Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ku lafiya, ke da Baba. Ta gida dai babu, amma tunaninki ya yi daidai da na masu bincike.

A bakin tsinken nan naki akwai enzayim, wani sinadari da ba ya kula komai sai suga. Da ya ci karo da shi sai a sami 'yar wutar lantarki, na'ura ta mayar da ita lamba. Leland Clark da Champ Lyons ne suka fito da dabarar a Amurka a 1962.

Ita aka ɗauko aka kai ƙwaƙwalwa. Ana shafa enzayim a kan wayar ƙarfen filatinam siririya kamar gashi, a soka ta cikin ƙwaƙwalwar ɓera. In gulutamet ake nema, wato wani sinadari da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi, enzayim ɗin yakan sarrafa shi, haidirojin feroksaid ya fito, irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi, wayar kuma ta auna yawansa cikin daƙiƙoƙi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake tsare ta daga bitamin C, wanda ya yi yawa a ƙwaƙwalwa har yakan rikita awon: sai a lulluɓe wayar da fatar roba mai tacewa. Duk da haka enzayim ɗin yana lalacewa a hankali. Dofamin kuwa an fi auna shi da zaren kabon, ba tare da enzayim ba.

Kin ga sai wayar ta shiga cikin kai. Jinin yatsa ba zai faɗa miki komai ba, domin dofamin ba ya ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake ba masu ciwon Parkinson maganin lebodofa, wanda ke iya ratsawa.

Abin da zai amfani Baba shi ne ki sami ɗan littafi, ki riƙa rubuta lokacin da ya sha magani da lokacin da karkarwar ta dawo. Ki tafi da shi ranar ganin likita, zai taimaka masa wajen daidaita maganin.