Sola Nawa Zai Riƙe Sabar Gida Dare da Rana?

Malam, ka tambaya ko faifan sola mai wat 200 zai ishi ƙaramar sabarka (kwamfutar da ke ajiye bayanai tana ba sauran na'urori) da rawuta (na'urar raba intanet), waɗanda ke cin wat 50 a haɗe. Gaskiya ba zai isa ba.

Wat 50 sau awa 24 ya ba ka wat-awa 1,200 kullum. Ƙara kashi 30 cikin ɗari na asarar waya, caja da batir, ka kai kusan 1,600. Rana mai ƙarfi a Kano ko Maraɗi takan wuce awa 5, amma yi lissafi da 4 saboda hadarin Agusta da ƙurar hunturu. Raba 1,600 gida 4, ke nan faifan wat 400 ne mafi ƙaranci. Ni 600 zan saka, da cajar MPPT, wato mai sarrafa cajin batir da ke zaƙulo mafi yawan wuta daga faifan.

Batir ne inda mutane ke yin rowa, su sha wahala. Na litiyam mai bolt 24, amfiya-awa 100, yana ɗaukar kusan wat-awa 2,500, zai kai ka kwana biyu da ƙyar. In na ruwa ne, rabinsa kawai za ka taɓa.

Ka kula da inbata: babba yakan ci wat 20 zuwa 30 ko ba kaya. In na'urorinka na karɓar DC, wato irin wutar da batir ke bayarwa kai tsaye, haɗa su da batir ta ƙaramin mai daidaita bolt, ba sai ta inbata ba.