Baƙon da ba a san asalinsa ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na gama karanta littafin Wuthering Heights, kuma raina bai so yadda ya ƙare ba. Heathcliff, jarumin labarin, ya ɓace shekara uku, ya dawo da dukiya, amma har shafin ƙarshe ba a faɗi inda ya samo ta ba, ballantana a faɗi iyayensa. Mantuwa marubuciyar ta yi ko rowar labari ce? Daga wata ɗalibar adabi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ni ma da na fara karanta shi ina matashi na koma baya ina duba lambobin shafi, na zaci wasu sun zube.

Marubuciyar, Emily Brontë, ba ta manta ba. Littafin ya fito a 1847, kuma a cikinsa ita da kanta ta sa wa Lockwood, ɗan hayar da ake ba labarin, irin tambayarki a baki. Ya tambayi Nelly, mai aikin gidan, ko karatu Heathcliff ya tafi, ko Amurka ya gudu, ko fashi ya yi a hanyoyin Ingila. Nelly ta ce mai yiwuwa ya ɗan taɓa kowanne, amma ba za ta iya rantsuwa a kan ko ɗaya ba. Wadda ta rubuta wannan ta san za a tambaya, da gangan ta ja bakinta.

Ki koma farko. Dattijo Earnshaw ya tsinto yaron a titin Liverpool, ba mai shi, yana wani yare da ba wanda ke ji. Sunan ma na aro ne, na ɗansu da ya rasu. Daga ranar kowa a gidan ya ɗora masa abin da ke zuciyarsa. Dattijon ya mai da shi ɗan lele, Hindley, ɗan dattijon, ya ga wanda ya zo ƙwace masa uba, Nelly kuwa ta taɓa lallashinsa da cewa wa ya sani ko ubansa sarkin Sin ne, uwarsa sarauniyar Indiya. Da an ce ga ubansa, ga garinsu, da duk wannan ya rushe. Ashe muna zaton baƙon muke bincike, alhali mutanen gidan ne ke ta tona kansu.

Haka marubucin Amurka Fitzgerald ya yi da Gatsby, jarumin littafinsa The Great Gatsby, a 1925. Masu cika gidansa wajen biki, a kan abin shansa suke raɗe-raɗin wai ya taɓa kashe mutum, wai ɗan leƙen asirin Jamus ne lokacin yaƙi. Da gaskiya ta fito, James Gatz ne, ɗan manoma talakawa daga North Dakota, ya sauya suna yana shekara 17. Ranar jana'izarsa masu gulmar nan ko ƙeyarsu ba a gani ba.

Wanda nake jin haushinsa a nan marubucin Faransa Jules Verne ne. A 1870 ya ba mu Kyaftin Nemo, mai jirgin ƙarƙashin teku, wanda sunansa a Latin ke nufin "ba kowa". Mutum ne da ya yi fushi da duniya baki ɗaya, ba a san dalili ba. Bayan 'yan shekaru, a wani littafin, sai Verne ya kwance masa zani: wai Yarima Dakkar ne ɗan Indiya, wanda Turawan Ingila suka hallaka iyalinsa bayan boren 1857. Dalilin mai ƙarfi ne, ban musa ba. Amma Nemo na farko ya fi cika mini ido, na biyun kuwa na ji tausayinsa ne kawai.

Tunda ke mai son a warware ƙulli ce, nemi The Tenant of Wildfell Hall na Anne, ƙanwar Emily Brontë, 1848. Can baƙuwar mace ce, ta zo da ɗanta da sunan da ba nata ba, ta kama wani tsohon gida, ƙauye ya ɗauka da tsegumi. Ita dai ta miƙa littafin sirrinta aka karanta, aka ga mijinta mashayi take gudu.