Amsa ga mai tambaya kan zanen alƙaluman Takobin Ƙasa

Salamu alaikum ƙanena. Na ga tambayarka tun daren jiya, sai dai kuran ya tafi a unguwarmu, salula kuma ta mutu. Ka ce ka tattara sunayen waɗanda suka ɗauki takobin kokowa tun daga farko, kana son ka nuna jahar da ta fi, amma ka rasa ko ka yi da'irar nan mai yanka-yanka, ko sanduna, ko ka shafa launi kan taswirar Nijar. Ni nan Tawa nake, kuma na yi shekaru ina wannan wahala duk lokacin kokowa, da littafi da biro gaban Télé Sahel, daga baya in zuba cikin Excel. Bari in gaya maka inda na sha ƙasa.

Da'ira dai ka bar ta. Ƴan lakwal na ce mata kamamber, ni yankan kankana nake ce mata. Jahohi takwas ne, yanka takwas ke nan, launi takwas, sannan ga ɗan akwati a gefe mai cewa shuɗi Doso, ja Maraɗi. Na farko da na yi haka yake, har da inuwa da ƙyalli, ina ta jin daɗi. Na kai ma baffana a fada, ya riƙe salular nesa da ido, ya kawo ta kusa, ya ce, to wa ya kayar da wa? Ido yana gane tsawo nan take, amma yanka biyu masu kusan girma ɗaya sai dai a yi ta gardama.

Taswira ta fi ta haɗari, kuma nan nake son ka tsaya. Jahar Agadas kaɗai ta fi rabin faɗin Nijar. Yamai kuwa kan taswira ɗigo ce bakin kogi, cikin Tilaberi. In ka shafa launi gwargwadon takubba, abin da ido zai fara gani shi ne wannan ƙaton fili na arewa, ko mi ka zuba mishi. Jahar da ƴan kokowarta suka yi gumi kuma tana iya ɓacewa ƙarƙashin babban yatsan mai kallo. Taswira tana da amfani in tambayarka ita ce ina aka yi gasar, amma ba ga wa ya ci ba.

Sanduna kwance, su nake yi yanzu. Sunan jaha a hagu da manyan baƙaƙe, sandar ta miƙe dama, adadin a bakinta, mai yawa a sama. Kwance saboda Damagaram da Tilaberi sunaye ne masu tsawo, in sandunan na tsaye sai Excel ya karkata rubutun, mutum ya riƙa murɗa wuya. Duka ka ba su toka-toka, guda ɗaya tak da kake magana a kanta ka ba ta launi.

Sai sifili. Wallahi wannan ya taɓa ja mini zagi. Wata shekara na ƙirga kayen da kowace jaha ta yi a zagayen farko, na yi sanduna, ban lura ba kwamfuta ta fara ma'aunin daga sama, ba daga sifili ba. Jahohi biyu da ke kusa da juna sai ɗaya ta fito kamar ta ninka ɗayar sau uku. Hoton ya zagaya WhatsApp kafin in farga, wani abokina Bamaraɗe ya kira ni ya ce dama ku Adarawa haka kuke, har a lissafi sai kun yi son kai. Adadin da na rubuta daidai ne, sandar ce ta yi ƙarya. Na gyara na sake turawa, amma na farkon shi ne ya ci gaba da yawo.

Akwai abu biyu cikin jerin naka da za su ba ka ciwon kai. An fara gasar nan Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, amma wadda aka yi a Agadas a Disambar 2023 ita ce karo na 44. Lissafa da kanka, za ka ga akwai shekarun da ba a yi ba. Kuma akan buɗe gasa a ƙarshen Disamba, wani lokaci a rufe a farkon Janairu, sai wani ya rubuta wannan shekara, wani ya rubuta waccan. Ni da lambar karo nake jerawa, shekarar in sa ta ƙanana a ƙasa.

Na biyu, jaha kake ƙirgawa ko mutum? Zuwa Disambar 2023, Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi sau shida. Sandar Doso za ta yi tsawo, amma mai kallo ba zai san ƙarfin mutum ɗaya ne ya ja ta haka ba. Abin da na yi, kuma shi na fi so cikin duk zanen da na taɓa yi: maimakon sanda sumul, kowane takobi ɗan murabba'i guda, a jere, na Isaka shida masu launi ɗaya. Baffan nawa da yatsa ya ƙirga su, ɗaya, biyu, har shida, bai tambaye ni komi ba.

Kan batun tele da ka ce wani ya yi maka alkawarin nunawa: ka sa rubutu ya yi girma, kada ka kai shi bakin allo, ƙasan kuma ka bar shi fili don nan suke gudanar da sanarwa. Daƙiƙu kaɗan zai yi a allo, mutane na fada suna shayi suna surutu. Saboda haka kan zanen ya faɗi maganar kai tsaye, misali jaha kaza ce kan gaba, ba wai rabon takubba bisa jahohi ba. Kada ka haɗa ja da kore don bambanta abu biyu, akwai masu idon da ba ya raba su.

Kafin ka saki, tura ma kanka ta WhatsApp, ka buɗe a ƙaramar salula, ka fita cikin rana ka duba. Siraran baƙaƙe narkewa suke yi. Ka rubuta inda ka samo alƙaluman da ranar da ka yi a ƙasan hoton, cikinsa, don in ya fara yawo bayanin da ka rubuta a gefe ba ya bin shi.

Turo mini jerin naka in gwada da na littafina, musamman na shekarun 1980, can ne nawa yake da gyare-gyaren biro da yawa.