Amsa ga ƙanwata mai shirin tafiya karatu Brazil

Ƙanwata, kin tambaya ko da gaske ne babu wariyar launin fata a Brazil, tunda an ce miki can jini ya gauraya. Shekara huɗu na yi ina karatu a Salvador ta jihar Bahia, kuma ni ma da wannan zancen na shiga jirgi.

Makon farko sai na ji kamar gida na zo. Baƙar fata ta ko'ina, ga mata cikin fararen kaya suna tuyar ƙosai da manja a bakin titi, akaraje suke ce masa. Daga baya na ji cewa Hausawan da aka kai bauta sun shirya bore a garin a 1807, sannan a 1835, cikin azumi, Musulmi bayi da 'yantattu suka yi tawayen da ake kira na Male. Bautar kanta sai a 1888 aka soke ta, Brazil ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka.

Idona ya buɗe ne ranar da wata malamarmu ta gayyace ni cin abinci a gidanta, wani dogon bene a unguwar masu hali. Ina yin sallama, maigadi, shi ma baƙi kamar ni, ya nuna mini lifta ta baya, wadda 'yan aiki da masu kawo kaya ke hawa. Da fara'arsa ya yi, ba zagi ba harara. Kawai bai taɓa kawowa a ransa cewa baƙar mace za ta shiga gidan nan a matsayin baƙuwa ba. Da na hau, malamar ta zagaya da ni, sai ga wani ɗan kurkukun ɗaki bayan kicin, katifa ɗaya ta cinye shi. Ɗakin 'yar aiki ke nan, tun a zanen gini ake fitar da shi. Mafi yawan masu wannan aiki baƙaƙen mata ne, kuma sai a 2013 aka gyara tsarin mulki aka ba su haƙƙoƙi irin na sauran ma'aikata, kamar ƙayyade awannin aiki.

Ki kuma lura da yadda suke kiran launi. A ƙidayar 2022, kashi 45 sun kira kansu pardo, wato ruwa biyu, kashi 43 farare, kashi 10 kacal suka ce su baƙaƙe ne. Za ki ji ana ce miki morena, wato wankan tarwaɗa, wai don a tausasa, kamar baƙi abin kunya ne. Ni kam nakan gyara musu. Suna ma da wata magana, wai kuɗi na mayar da mutum fari, amma ban ga kuɗin ya hana mai gadin kanti bin bayana ba.

A jami'a abin da sauƙi. Dokar 2012 ta ware rabin guraben jami'o'in tarayya ga 'yan makarantun gwamnati, da kaso na baƙaƙe da 'yan asalin ƙasa a ciki. Babbar ƙawata ta wannan hanyar ta shigo, uwarta shekara da shekaru tana wanke-wanke a gidajen mutane. Ƙawar tawa ce ta fara kai ni gangami bayan an harbe Marielle Franco, kansila baƙar fata, a Rio cikin Maris 2018.

Ki je abinki, mutane ne masu son baƙo. Ki dai dage da Fotugis tun yanzu, don da Turanci ko kuɗin mota ba za ki iya tambaya ba.